Madarar Litinin: Daga Lafia Zuwa Faraku

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A gidan suna, a wajen niƙa, har a asibiti da na je duba maƙwabciyata, sai wata ta jawo mayafina ta ce, "Maman Usman, wai da gaske har ƙasar Benin kika je saboda yogot?" Da gaske ne. Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma na lura ana ƙara masa gishiri a bayan idona, don jiya ma na ji an ce a jirgin sama na tafi. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, duk wadda ta sake tambaya in miƙa mata ta karanta da kanta.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Rabi. Ni da Esther, wadda kowa ke kira Maman Joy, muke da ɗan wurin yin yogot a bayan gidanmu a Lafia. Ita 'yar ƙabilar Eggon ce, ni kuma nan aka haife ni. Ɗaki ɗaya ne, da babbar tukunyar dafa madara, da durom ɗin da yogot ke kamawa a ciki, da wani ɗan inji mai dogon tiyo da ke zuba shi a robobi. Shagunan bakin makarantu da ofisoshi muke kai wa, saboda haka Asabar da Lahadi ba ma aiki. Ni mace ce mai alfahari da tsafta, ba zan ɓoye ba. Kullum in mun tashi sai na ɗauraye tiyon nan, ranar Juma'a da yamma kuwa sai in cika shi da ruwa in toshe bakinsa biyu, in bar shi ya jiƙa har Litinin, yadda mace ke jiƙa tukunyar tuwo don ƙanzo ya saki.

Duk da haka sai ga matsala ta kunno kai. Yogot ɗin da muka zuba ranar Litinin, kafin Laraba robobin sun kumbura sun yi tim, in ka buɗe ka ga wani abu na jan zare a ciki kamar miyar kuɓewa. Na Talata lafiya lau, na Alhamis ma haka. Na Litinin kaɗai. Madarar Litinin kuwa ta mutum ɗaya ce, Inna Dudu, wata dattijuwar Bafulatana daga ruga can bayan Doma, wadda ranar ce kawai mota ke fitowa daga wajensu. Tun ina sayar da kindirmo a ƙofar gida take kawo mini madara, a cikin wata ƙatuwar ƙwarya mai zanen wuta, wadda aka ɗinke tsagewarta a gefe guda. A 'yan makonnin nan dai na ga ta koma kawowa a farin bokiti mai murfi, ban kuwa tambaye ta dalili ba.

Maman Joy ba muguwa ba ce, amma bakinta ya fi tunaninta sauri. Masu shago suna yi mata ƙorafi sai ta ce musu madarar Bafulatana ce ba ta da kyau. Magana ta zaga gari. Har masu fura da ke sayen kindirmon Inna Dudu suka fara kau da kai in ta zo wucewa, ita kuwa da shi take riƙe da jikoki a gida.

"Maman Usman, abeg ka ji ni," in ji Esther, da irin Hausarta da ba ruwanta da mace ko namiji. "Wannan mama, madara nashi ne ya spoil kasuwa namu. Wata ya ƙare, mu koma madaran gari kawai. Ni ba na son wahala."

Na ce ta ba ni zuwa ƙarshen watan. Ana cikin haka sai ƙanwata Hadiza, wadda ke aure a Faraku, garin da suke rubutawa Parakou, ta bugo waya ta ce ta haihu. Cikin hira na faɗa mata damuwata, ta ce ai maƙwabciyarsu malama ce a wata makarantar koyon sarrafa abinci, aikinta ke nan duba abin da ke lalata madara. Na ce to, ga barka ga neman magani. Da na gaya wa Inna Dudu, sai ta ce, "Da ni za a je. In madarata ce, a faɗa mini a gaban idona." Na yi ƙoƙarin hana ta, na ce hanya da nisa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ita da ta taka daga nan zuwa bakin Binuwai da ƙafa tana goye da yaro, ba kujerar mota ce za ta ba ta tsoro ba.

Ranar tafiya muka shirya kula, akwatin nan mai riƙe sanyi, muka sa ƙanƙara, da gorar madarar Inna Dudu, da robar yogot guda daga cikin na Litinin, don malamar ta gani da idonta. Ina rufe kular sai maƙullin murfin ya karye. Na duba ko'ina babu igiya. Dama bakin tiyon injinmu ya tsage ina ta cewa zan yanke, sai na sa wuƙa na datse kamar kamu guda na ɗaure murfin da shi. Maman Joy ta raka mu tasha tana dariya, ta ce mun yi kama da masu kai jini asibiti.

Daga Lafia zuwa Abuja ba abin faɗa, kowa ya san Akwanga da Keffi. Abin da ya sha mini kai shi ne motar Ilori. Direban wani Bayarabe ne mai fara'a, ya ce kula ta tafi but, a bayan mota, Inna Dudu ta ce sai dai a bayan ranta. Haka ta ɗora ta a cinya tun daga Abuja har muka wuce Bida da Mokwa. Wani fasinja mai jar hula da ke gefenta ya yi ta leƙe, daga ƙarshe ya kasa haƙuri ya ce, "Mama, zinariya ce a ciki?" Ta ce masa, "Mutuncina ne." Mutumin ya yi dariya yana zaton wasa ne, ni kuwa sai na juya ina kallon taga.

A Jebba aka tsaya salla da cin abinci. Na saya mana soyayyen kifi, ita ta ce ba ta cin kifi, ta kwance gefen zaninta ta fito da dunƙulen fura ta dama da ruwan gora. Duk tafiyar nan ban ga matar nan ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba, ni kuwa tun daga Bida nake mitar bayana.

A Ilori muka kwana, a wani masauki kusa da tasha, na wata mata mai jiki da murya da ta karɓe mu tana kiran kowaccenmu Alhaja. Ta kawo mana amala da miyar ganye. Inna Dudu ta kalli kwanon ta matso kusa da kunnena ta ce, "Hajiya, tuwon nan ya ƙone, kada ki yi magana, kar ta ji kunya." Na ce mata haka yake, garin busasshiyar doya ne. Ta ɗanɗana da yatsa ɗaya, ta ɗan yamutsa fuska, sannan ta gyara zama ta cinye tas. Mai masaukin ta yarda ta sa mana kular a firij ɗinta, sai dai da safe muka tarar ba a kawo wuta ba sam. Ƙanƙararmu ta zama ruwa, robar yogot kuwa ta yi ciki kamar ta kusa haihuwa.

Hanyar Ilori zuwa bodar Cikanda ita ce ta koya mini haƙuri. Ƙaramar mota ce, mu huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba, ga buhunan garin rogo a sama. Bayan Okuta taya ta yi faci, muka sauka muka zauna a inuwar wani kanju. Nan wasu mata Fulani suka zo wucewa da ƙore a ka, Inna Dudu ta yi musu sallama da Fulatanci, sai ga hira ta ɓarke kamar sun shekara da sanin juna. Ta ce mini harshensu ya ɗan karkace, amma ana ganewa. Har suka ba mu cuku mai laushi a ganye, suka ƙi karɓar ko sisi.

A boda, ɓangarenmu bai ɗauke mu lokaci ba. Muka nuna katin shaida da katin rigakafi aka ce mu wuce. A ɗaya ɓangaren ne abin ya faru. Wani jami'i dogo, kakinsa a goge har yana ƙyalli, ya nuna kular ya yi magana da Faransanci. Na ce masa yogot ne, ya girgiza kai bai gane ba. Ya kwance tiyon da kansa, ya ɗauko robar nan da ta kumbura, ya jujjuya ta. Ina ɗaga hannu ina cewa kada ya buɗe, shi kuma ya ɗauka roƙo nake don ina ɓoye wani abu. Yana murɗa murfin sai ji kake fush! Daga haɓarsa har aljihun rigarsa ya yi fari fat, ga wani tsami da ya cika rumfar.

Na ce shi ke nan, yau a nan za mu kwana. Sai abokin aikinsa da ke zaune a benci ya fashe da dariya har yana riƙe ciki, ashe shi Bafulatani ne. Inna Dudu ta yi masa bayani, ya fassara wa mai farin ƙirjin. Mutumin ya goge fuskarsa da ruwan da na miƙa masa, ya tambaya ko irin wannan muke sha a Najeriya. Na ce a gaya masa a'a, shi ya sa ma muka kawo shi asibiti. A nan shi ma ya yi murmushi, ya ɗaure mana kular da hannunsa ya ce mu tafi. Na ji kunya ƙwarai, kuma na ji takaici, don rabin shaidarmu ya ƙare a rigar bawan Allah.

Daga nan muka hau wata mota zuwa Nikki, daga Nikki zuwa Faraku. Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne fetur a manyan kwalaben gilashi jere a bakin hanya, na ɗauka zuma ce har na ce za mu saya wa Hadiza. Na biyu kuwa 'yan acaɓansu, da suke kira zem, kowa da riga iri ɗaya mai lamba a baya, kuma mata na hawa babur suna tuƙa kansu ba mai ko waiwaya. Kuɗinsu sefa ya ruɗa ni, na yi ta miƙa wa masu talla hannu a buɗe suna ɗaukar abin da ya dace, kuma gaskiya ba wanda ya cuce ni.

Hadiza na zaune a unguwar zango, inda Hausa ke tashi ta ko'ina, sai dai Hausa ce da aka gauraya da Faransanci yadda tamu ta Lafia ke gauraye da Turanci. Ta yi ta tsokanata wai ina cewa "abi" a ƙarshen magana, ni kuma ina tsokanarta da "bon" da take farawa da shi. Jaririyar kyakkyawa, ta ɗauko hancin babanmu. Da safe shayi ne da wani burodi dogo kamar sanda, mai taurin baya, wanda ya kusa cire mini haƙori. Da rana kuwa sakwara da miyar gyaɗa da soyayyen cukun nan nasu mai jan baya, wagashi, wanda suke haɗawa da ruwan tumfafiya su rina da karan dafi. Mijin Hadiza ya ce ba inda ake doya kamar tasu. Na ce masa ya taɓa zuwa kasuwar doyarmu ta Agyaragu? Ya ce a'a. Na ce to ya yi shiru kawai. Amma tsakanina da ku, sakwarar ta yi daɗi.

Washegari bayan azahar muka shirya za mu je wajen malamar, Hadiza ta ce mu koma mu zauna. Wai a garin nan in rana ta take kowa rufe ofis yake ya tafi gida ya ci abinci ya kwanta, sai can wajen la'asar a sake buɗewa. Na ce da a Lafia ne da an ce lalaci ne. Na kwanta don in gwada, ban farka ba sai da aka tashe ni, kuma tun daga ranar ban sake zagin al'adar ba.

Malamar sunanta Madam Safiyatu, 'yar siririya mai tabarau, mahaifiyarta 'yar zango ce, don haka tana jin Hausa daidai gwargwado, inda ta maƙale Hadiza ta cike. Na ajiye kular a kan teburinta da girmamawa, na kwance tiyon na yar a ƙasa, na fito da gorar madarar. Ta buɗe ta sunsuna ta mayar da murfin da sauri. Ta ce madarar da ta yi kwanaki a hanya ba ƙanƙara ba abin da za ta faɗa wa kowa, ko ta wace ce haka za ta zama. Na ga kafaɗun Inna Dudu sun sauka. Duk riƙon da ta yi wa kular nan a cinya ya tashi a banza.

Sai Madam ta fara tambayata. Kuna dafa madarar? Na ce sosai, har sai ta tafasa. Bayan dafawa ina take bi? Na ce durom, daga nan inji, daga nan tiyo zuwa roba. Ta ce wane irin tiyo? Na nuna wanda ke yashe a ƙasa na ce ga ma guntunsa. Ta sunkuya ta ɗauka, ta sa reza ta tsaga shi a tsaye, ta buɗe shi a gabanmu. Cikinsa duk wani abu ne rawaya-rawaya a shafe. Ta ɗiga ruwa ta ce in shafa. Na shafa, sai na ji santsi da yauƙi a yatsana. Ni da nake cika baki da tsafta, sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta kai mu wani ɗaki inda aka jera siraran tiyo masu haske, ana ganin cikinsu, kowanne ruwa na bi ta ciki a hankali yana ɗiga a kwalba. Ta ce wannan yauƙin ba datti ba ne kawai, gida ne. Ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba ya gani, in sun sami bango mai laima sai su manne, su fitar da yauƙi su lulluɓe kansu, su yi ta hayayyafa a ciki, kuma ɗauraya da ruwa ba ta isa ta fitar da su. Ta nuna tiyo na farko, wanda ruwan da ke bi ta cikinsa ba abinci sosai: yauƙinsa siriri ne, da ƙyar ake gani, amma ta ce ya kama bango gam. Na biyu ana ba shi ruwa mai sukari da madara, nasa ya yi kauri ya yi tsiro-tsiro, yana rawa in ruwa ya bi. Ta ce mai ƙoshin nan ya fi girma da sauri, amma bai da riƙo, guntu-guntu yake ɓallewa.

Na uku shi ne ya tsayar da ni. Ta ce an ciyar da shi kamar na biyu, sannan shekaranjiya aka yanke masa abinci aka bar shi da ruwa zalla. Kwalbar da ke ƙarƙashinsa ta yi gurɓi-gurɓi, ga 'yan farare-farare suna yawo. Ta ce in yunwa ta kama su, da yawansu sukan narkar da yauƙin da ke riƙe da su, su saki bango su bi ruwa neman wani wuri. Inna Dudu ta matso ta ƙura wa kwalbar ido.

"Kamar mu ke nan," in ji ta. "In ciyawa ta ƙare sai a kwashe bukka a tashi."

Madam ta yi dariya ta ce haka ne, Inna. Ta ƙara da cewa ba yunwa kaɗai ke tayar da su ba. In suna cikin yunwa abinci mai yawa ya zo musu kwatsam, nan ma wasu sukan saki su bi shi. Kuma ba duka ke tashi ba, kullum akwai masu zama, su ne ke sake gina gidan. Sannan ta juyo gare ni ta ce, ranar da ba ku aiki, yaya kuke barin tiyon?

Ban ma gama ba ta amsa ba na ji amsar a kunnena. Litinin zuwa Juma'a muna ciyar da su yogot mai sukari suna ƙiba. Juma'a in cika tiyo da ruwa in toshe, in sa su azumin dole, su saki bango. Litinin in zubar da ruwan, in turo musu yogot, ya kwashe duk abin da ya saki ya kai cikin robobi. Kafin Talata hanya ta ɗan share. Ƙanzon ya saki kam, yadda nake so, sai dai ni da tukunyar tuwo nakan sa soso in kankare bayan jiƙo, tiyo kuwa hannuna bai taɓa shiga cikinsa ba. Ko madarar wa aka kawo ranar Litinin haka za ta yi.

Madam ta ce kada in ɗauki maganarta kamar yankan wuƙa tunda ba ta ga wurinmu ba, in koma in gwada. Ta koya mini wanki da ruwan zafi da soda, da dogon buroshi mai waya da ake zurawa ciki, sannan a rataye tiyon baki ƙasa ya bushe, kada a bar masa ko abinci ko ruwa. Muna shirin fita sai Inna Dudu ta tsaya a bakin ƙofa ta ce a tambayar mata, ƙwarya fa? Tsohuwar ƙwarya tana ɓata madara? Madam ta ce ƙwarya ma tana da nata mazauna, da yawansu su ne ma ke sa kindirmo ya kama ya yi daɗi. In ana wankewa ana shanyawa a rana ba laifi, balle madarar da za a tafasa daga baya. Inna Dudu ta ce, "To." Ba ta ƙara ko kalma ba har muka isa gida, ni kuwa na ɗauka farin ciki ne ya hana ta magana.

Dawowa ba ta da labari sosai, sai dai jami'in nan na boda ya gane mu, ya ja da baya yana kare rigarsa da hannu, kowa ya yi dariya. Na sayo buroshi biyu a kasuwar Faraku, da wagashi na tsaraba wanda rabinsa ya ƙare a hanya.

Da na yi wa Maman Joy bayani sai ta ce, "Hmm. Sai na gani da ido nawa." Na ce haka nake so. Muka sayo sabon tiyo muka wanke yadda aka koya mini, tsohon kuma na jiƙa shi ranar Juma'a kamar kullum. Ranar Litinin muka bi da yogot ɗin madarar Inna Dudu ta sabon, muka haɗa na madarar gari, wadda Esther ta saya da kanta, muka bi da shi ta tsohon. Muka jera robobin a kan kanta, nata a dama, na Inna a hagu. Kwanakin nan ban yi barcin kirki ba, don in na hagu suka kumbura ban san da wane ido zan kalli matar nan ba.

Ranar Alhamis da safe na tarar Esther ta riga ni zuwa, tana tsaye gaban kanta hannu a ƙugu. Na dama sun yi tim, ɗaya har ta fashe. Na hagu suna nan yadda muka ajiye su. Ta buɗe ɗaya ta sha, ta goge baki. Can ta ce, "Ni ne na ɓata sunan mama. Ni ne zan gyara." Kuma ta cika. Shago-shago ta bi da tsagaggen tiyon nan da na dawo da shi a hannu, har wajen masu fura, tana nuna musu tana cewa laifin daga wurinmu ne.

Litinin ta zagayo, Inna Dudu ta sauko daga mota da farin bokitinta. Esther ta tare ta tun daga ƙofa, ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Mama, ka yi haƙuri." Inna ta ɗago ta ta ce ya wuce, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ni kuma don in saki wurin sai na ce cikin wasa, "To Inna, yanzu sai a dawo mana da ƙwaryarmu mai zane, bokitin nan bai yi miki kyau ba."

Ta sauke bokitin a hankali ta ajiye kusa da tukunya.

"Ta innata ce," ta ce. "Ita ma ta innarta ce. Da aka ce madarata ce ke ɓaci, na wanke ta, na sake wankewa, aka ce har yanzu. Sai na ce to ita ce. Na kai ta bayan ruga na fasa ta da dutse, tun kafin mu tafi."

Esther ta juya baya tana share ido da gefen zani. Na so in ce zan saya mata wata, sai na bar maganar. Inna Dudu ta buɗe murfin bokitin da kanta, ta dubi inda sabon tiyon ke rataye a jikin ƙusa yana bushewa, sannan ta dube ni.

"Hura wutar, Hajiya," ta ce. "Madara ba ta jira."